Shaidar da Zan Iya Bayarwa a Kan Malam

Idan aka yi rasuwa a garuruwanmu, shaidar da ake yi wa mamaci ba ta wuce kalma biyu a bakin maƙabarta: mutumin kirki ne, Allah Ya jiƙansa, sai a watse. Abin da na sani game da Malam ya fi ƙarfin kalma biyun nan, domin a gidansa na tashi, a ajinsa na koyi riƙe alƙalami, kuma shi ya tsaya mini a matsayin uba tun ina ɗan shekara shida. Ba zan kama sunansa ba. Yana raye ba ya son a yi masa shela, 'ya'yansa ma sun gaji wannan hali. Mutanen garinmu ba sa buƙatar suna kafin su gane wanda nake nufi.

Garin namu yana kan layin dogon da ya tashi daga Kano ya nufi Nguru, a tsakanin Ringim da Gagarawa. Ƙasar rairayi ce, ta gero da wake da gyaɗa da riɗi. Lokacin da nake ba da labarinsa muna cikin Jihar Kano, sai a watan Agusta na 1991 aka yanke Jigawa muka faɗa cikinta.

Malam ɗan malamin zaure ne, da allo ya buɗe ido. Ya sha ba mu labarin yadda ya shiga boko. A zamaninsu idan hakimi ya aiko a kawo yara elementare, masu hali sukan ɓoye nasu, a tattaro marayu da 'ya'yan talakawa a cike gurbi. Shi ma haka aka tsinto shi, yana tsakiyar karatun allonsa, mahaifiyarsa tana kuka tana ganin ta rasa ɗa ke nan. Daga elementare ya yi gaba har kwalejin horon malamai ta Wudil, daga baya ya koma ya ƙaro takardar malanta mai daraja ta biyu, wadda a lokacin duk wanda ya riƙe ta ana yi masa kallon babban malami. Ya fara aiki a ƙarƙashin En'e, wato hukumar gargajiya ta wancan zamani, tun kafin a sami mulkin kai a 1960, ana biyansa da fam da sule. Da safe yana tare da yara, da la'asar yana tare da iyayensu a ajin Yaƙi da Jahilci. Idan jirgi ya kawo masa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, a ƙofar gida yake shimfiɗa tabarma ya karanta da ƙarfi, dattawa suna tsayar da shi suna cewa ya maimaita. Inna, matarsa, ta ce mini a shekarun yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, zaurensu bai taɓa rabuwa da mata da tsofaffi ba, kowa da wasiƙar ɗansa ko mijinta da ke bakin daga. Shi zai karanta, shi zai rubuta amsa, sau da yawa shi zai sayi kan sarki. Idan wasiƙar ta mutuwa ce, ba ya karanta ta a zaure. Naɗe ta yake yi, ya sa takalmi, ya nemi liman su tafi gidan tare.

Ni ba ɗan cikin garin ba ne. Daga wani ƙauye nake, tafiyar hantsi a ƙafa. Farin 1973 ya cinye mana dabbobi, cutar da ta kama gyaɗa a 1975 ta ƙarasa abin da ya rage, a tsakanin nan kuma mahaifina ya rasu. Riƙona ya koma hannun Baffa, wanda shi ma da ƙyar yake ciyar da nasa. Ya riga ya yi magana da wani alaramma cewa idan an yi girbi zan bi shi gabas. Sai ga Malam ya zo a kan kekensa Raleigh, mai unguwa yana biye, suna rubuta sunayen yara saboda sabon shirin gwamnati na ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda ake kira UPE.

Baffa bai ɓoye abin da ke ransa ba. Ya ce, "Malam, ka dai san abin da ake gudu. Yaro ya shiga boko ya fito ba salla, ba gona, ba gaisuwa. Wannan maraya ne, amana ce a wuyana."

Malam ya ce, "Gaskiyarka, amana ce. Ka ba ni aronsa shekara guda. Da asuba allo, da hantsi boko, da yamma gona, bayan magariba a koma allo. Tuwon da 'ya'yana za su ci shi zai ci. In kaka ta zagayo ka zo ka ɗauki allonsa da kanka, in ka ga ya ja baya ko da harafi ɗaya, ka tafi da abinka, ba zan ce uffan ba."

Kaka ta zagayo, Baffa ya zo ya ɗauki allon, ya sa na biya masa. Ya koma gida shi kaɗai, shekarar da ta biyo baya kuma ya aiko da ɗansa na cikinsa.

Wanda bai ga watan Satumba na 1976 ba zai yi wuya ya gane irin hargitsin da aka yi. Gwamnatin Janar Obasanjo ta yi shiri don yara wajen miliyan 2.3 a ajin farko a duk ƙasar, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. Mu ma mun ga namu rabon. Ba takardar haihuwa, don haka sai a ce yaro ya ɗaga hannu ta saman kai ya taɓo kunnensa na ɗaya gefen. Wanda ya taɓo ya isa shiga. Ɗakunan karatu suka cika, aka mayar da mu gindin darbejiya, allon rubutu a jingine da kututture. Malaman da aka turo wasunsu samari ne da ba su daɗe da gama firamare ba, an yi musu gajeren horo an ce su je su koyar. Malam, wanda a lokacin shi ne hedimasta, bai taɓa wulaƙanta su a gaban yara ba. Bayan an tashi sai ya tsare su a ofishinsa, ya koya musu abin da za su koyar gobe da yadda ake shirya darasi, ya duba rubutunsu da jan biro kamar yadda yake duba namu. Da yawa daga cikinsu shi ya matsa musu har suka shiga karatun daga-nesa na Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna suka sami takarda.

Rigimar da ta fi kowacce zafi ita ce ta 'ya'ya mata. Dagaci ya yi shela, mai unguwa ya bi gida gida, amma kowane magidanci yana jiran ya ga wa zai fara. Ranar da aka buɗe rijistar 'yan mata, sunan farko da Malam ya rubuta na 'yarsa ne. Ya riƙo hannunta ya bi da ita ta tsakiyar kasuwa, ba ta bayan gari ba. Kafin mako ya ƙare liman ya kawo tasa, daga nan sauran suka biyo. Da ta gama aji shida maganganu suka taso, ana cewa Malam ya bar yarinya tana girma a gabansa. Bai mayar wa kowa da martani ba. Ya kai ta makarantar kwana ta 'yan mata, ta gama ta karanci aikin ungozoma, ta yi aure a lokacin da Allah Ya nufa. Yau akwai jikokin masu waccan maganar da a hannunta aka haife su.

Wannan shi ne abin da na fi riƙewa game da shi, kuma na gan shi a kowane lungu na rayuwarsa: Malam bai taɓa neman mutanen gari su yi wani abu ba sai ya fara yin sa a cikin gidansa. Shi ya sa maganarsa take da nauyi. Mutanen karkara ba a ruɗinsu da daɗin baki, gidanka suke dubawa.

Gidan kuwa ba wani babba ba ne. Zaure, shagon samari a gefensa, ɗakuna uku na ƙasa a ciki, rumbu biyu, turken tumaki. A ciki akwai Inna da 'ya'yansu, akwai mahaifiyarsa da muke kira Iya, akwai 'ya'yan ƙanwarsa da mijinta ya rasu, sannan mu 'yan riƙo da muka fito daga ƙauyukan da ba makaranta. Ba a taɓa raba mana kwano ba. Ranar Salla yadi ɗaya ake yankowa, tela ɗaya ke ɗinkawa, baƙo ba zai iya nuna ɗan gida da ɗan riƙo ba. Na taɓa jin wata maƙwabciya tana tambayar Inna wanne ne marayan a cikinmu. Inna ta ce mata, "Gidan nan ba maraya, duk ubansu yana raye."

Dole in tsaya a kan Inna, domin duk wanda ya yabi Malam ya manta da ita bai yi adalci ba. Shi ne yake cewa "a kawo shi gidana", amma ita ce take tashi tun assalatu ta yi surfe da daka, ita ce take dama kunun da za mu sha kafin a buga ƙararrawa, ita ce take zama da mai zazzaɓi har gari ya waye. Ba ta yi boko ba lokacin da aka kawo ta. Malam ne ya koya mata karatu da rubutu da dare a gaban fitilar ƙwai, bayan yara sun kwanta, tun kafin ya fara roƙon magidanta su bar matansu su koya. Har ta kai ita take rubuta lissafin ƙuli-ƙuli da man gyaɗar da take yi, ita kuma take koya wa matan unguwa baƙaƙe a tsakar gida. Ribar man nan ta cike giɓin albashi fiye da yadda mutanen waje suka sani. Malam ya sani, kuma yana faɗa. Ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba. Idan ba ta da lafiya, shi da kansa yake ɗaukar guga ya tafi rijiya, hedimasta guda, samari suna gudu su karɓa yana hana su.

Iya kuma idonta ya tafi a ƙarshen rayuwarta. Kowace safiya, kafin ya fitar da keke, Malam zai durƙusa a bakin ƙofarta ya gaishe ta, ya tambayi abin da take sha'awar ci, ya ɓare mata goro ya sa mata a tafin hannu. Ba ya tashi sai ta ce, "Allah Ya yi maka albarka, tafi kada yaran mutane su jira." An taɓa ba shi ƙarin girma zuwa ofishin ilimi, aikin da ke da babur da alawus, amma sai ya koma wani gari da zama. Iya ta ce ita ba za ta bar ɗakin da mijinta ya bar ta ba. Malam ya rubuta takarda ya ba da haƙuri. Abokan aikinsa sun ga wautarsa, wasu da ya koyar ma suka zo suka wuce shi a matsayi. Ni dai ban taɓa jin ya ambaci zancen da nadama ba.

A aji, hanyarsa ita ce ya fara da abin da yaro ya riga ya sani. Lissafi da tsakuwa da karan dawa muka fara shi, sannan da mudu da tiya: tiya nawa ke cikin buhu, idan aka auna kaza nawa ya rage, idan tiya ta tashi da kwabo kaza me mai buhu ya samu. Ba a daɗe da komawa naira da kwabo ba, tun Janairun 1973, tsofaffi suna ta ruɗewa, sai ya zama mu ne muke yi wa iyayenmu lissafin cewa fam ɗaya naira biyu ce, sule kuma kwabo goma. Wannan kaɗai ya sa wasu iyaye suka fara ganin amfanin makarantar. Labarin ƙasa kuwa da tashoshin jirgi ya koya mana shi, mu jero su daga Kano har Nguru, sannan ya nuna mana su a taswira, ya ce to ga inda kuke. Idan allon aji ya koɗe, mu muke fasa tsohon batir mu kwaɓa baƙinsa mu shafa. Yana da lambun makaranta a bayan ajujuwa, kowane aji da kunyoyinsa, mu auna da igiya, mu rubuta ranar shuka da ranar tsiro, mu gwada kunyar da aka sa wa taki da wadda ba a sa wa ba. Ni yau malamin gona ne, kuma abin da nake yi wa manoma a gonar gwaji shi ne dai abin da Malam ya sa mu yi muna aji huɗu.

Yana da bulala, kuma yana amfani da ita. Amma abu biyu ne suke fito da ita: ƙarya da cin zalin ƙarami. Bai taɓa dukan yaro don bai gane karatu ba. Cewa yake yi wanda bai gane ba laifin mai bayani ne, sai ya sake ta wata hanyar. Idan yaro yana gyangyaɗi ko ya makara, kafin komai zai tambaye shi ko ya karya. In bai karya ba, lokacin tara sai ya aike shi gida wurin Inna da wani ɗan saƙo na ƙarya-ƙarya, a kawo masa alli ko biro, ita kuma ta san ma'anar aiken. Ɗansa na cikinsa idan ya yi laifi, hukuncinsa ya fi na kowa, kuma a gaban kowa.

A 1982 na ci jarrabawar shiga sakandare ta kwana. Ana buƙatar akwatin ƙarfe, bokiti, fararen kaya, takalmi, tabarma. Baffa ba shi da hali. Inna ta kwance tunkiyarta aka kai kasuwa. Malam ya raka ni tasha da kansa, akwatina a bayan kekensa, ya damƙa ni a hannun wani fasinja da ya sani, ya ce mini, "Ka riƙe salla a kan lokaci, kada ka ɗauki abin wani, kuma ka rubuto wa Innarka wasiƙa, ta iya karantawa." Duk wata sai na ga takardarsa, da 'yan kuɗi a naɗe a ciki, da gyaran kurakuran da na yi a wasiƙar da ta gabata.

Shekarar 1984 ita ce ta gwada kowa. Damunar 1983 ba ta yi kyau ba, ta 1984 ma haka, gero ya yi tsada, magidanta suka fara barin gida suna tafiya cin rani ba ranar dawowa. Ana cikin wannan, a ƙarshen watan Afrilu, gwamnatin Janar Buhari ta canza launin takardun kuɗi, ta rufe iyakoki, ta ba da wa'adin da bai cika mako biyu ba a kai tsofaffin banki. Garinmu ba banki. Mutanenmu kuwa a tukunya da ƙarƙashin gado suke ajiya, yawancinsu ba su taɓa taka ƙofar banki ba. Malam ya ɗauko sabon littafin rubutu, ya zauna a zaure, tsofaffi da matan da mazansu suka yi tafiya suna kawo ɗan abin da suka tara, yana rubuta suna da adadi, mai kuɗi ya dangwala. Ya tara malamansa suka rarraba a tsakaninsu, suka tafi suka kwana a layi. Da suka dawo kowa ya karɓi nasa daidai. Akwai wata tsohuwa mai sayar da daddawa da gara ta ci gefen kuɗinta aka ƙi karɓa. Ita ma ta karɓi nata cif. Sai bayan rasuwarsa Inna ta faɗa mana daga aljihun wa ya fito.

Da yunwa ta tsananta, ya je wurin dagaci da shawarar masu sauran hatsi su fitar da wani abu a raba wa gidajen da ba a ɗora tukunya. Kafin ya je sai da ya sa aka buɗe rumbunsa guda aka kai damman ƙofar masallaci. A nan ne na ga saɓani a gidan, wanda ban taɓa gani ba. Babban ɗansa, da muke kira Yaya, ya tare shi a zaure ya ce, "Baba, mu ma fa bakuna ne. Albashi ba ya zuwa a kan kari, gidan nan ya haura mutum goma sha, in wannan ya ƙare wa zai buɗe mana nasa?" Malam bai yi fushi ba. Ya ce, "Maganarka tana kan hanya. Amma ba zan iya tsayawa gaban mutane in ce su fitar, nawa yana rufe ba." Gidan ya koma cin abinci sau biyu, wani lokaci garin rogo da ƙuli-ƙuli. Ni ina ganin Yaya yana da hujja, domin 'ya'yan Malam sun biya wani kaso na alherin ubansu da cikinsu da suturarsu, ba tare da an tambaye su ba. Duk wanda ya ci arzikin gidan nan, irina, yana da bashin 'ya'yan gidan a wuyansa, ba na Malam kaɗai ba.

Daga 1986, da aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP, darajar naira ta zube, albashin malamin firamare ya koma abin tausayi, ga shi a yi watanni ba a biya ba. Malamai da yawa suka kama kasuwanci ko suka bar aikin ɗungurungum, kuma ba na ganin laifinsu, kowa da iyalinsa. Malam ya ƙara faɗin gonarsa, yana fita da asuba ya yi noma ya dawo ya yi wanka, kuma ƙararrawa ba ta taɓa riga shi isa makaranta ba. Akwai lokacin da shi kaɗai yake zagaya aji uku, ya ba wannan aiki ya shiga wancan. Da iska ta yaye rufin wani aji aka yi ta rubuta takarda ba amsa, sai ya kira gayya. Azara ta farko daga ɗakin da yake shirin gina wa Yaya aka ciro ta.

Ya yi ritaya bayan ya cika shekara 35 yana aiki. Abin da ya biyo baya shi ne ɓangaren da har yanzu yake ci mini rai. Kuɗin sallamarsa sai da ya shekara da shekaru yana bi. Fansho kuwa kowane lokaci sai a ce a zo tantancewa. Na taɓa raka shi. Tsofaffin malamai ne zube a rana, wasu da sanda, wasu an riƙo su, kowa da tsohuwar takardar ɗaukar aiki a cikin leda. Ana ta mayar da su gobe, jibi. Mutanen da suka koya wa rabin masu zama a ofisoshin nan rubuta sunansu. Na fusata na so in yi magana, Malam ya riƙe mini hannu ya ce in zauna. Yana zaune a layin nan yana cike wa wasu tsofaffin fom, waɗanda idonsu ya daina gani. Shi ya yafe, ni kuwa har gobe ina ganin zalunci ne a bar wanda ya ba da ƙuruciyarsa ga 'ya'yan mutane yana roƙon haƙƙinsa da furfura.

Ritayar ba ta zaunar da shi ba. Ya sake buɗe ajin manya a zaurensa. Shi ne sakataren kwamitin masallaci, shi ake kira idan shanu sun shiga gona a je a kimanta ɓarna, domin manomi da Bafulatani duk sun yarda ba zai karkata ba. Lokacin annobar sanƙarau ta 1996, da masu allurar rigakafi suka zo mutane suna ɗari-ɗari, jikokinsa ya tasa a gaba ya kai su, ya naɗe hannun rigarsa aka fara da shi.

Ciwon ajalinsa bai yi tsawo ba. 'Yarsa ungozoma ce ta yi jinyarsa tare da Inna. Na samu na iso yana da sauran magana. Ya tambaye ni iyali ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya tambaye ni ko sabon irin geron da muke raba wa manoma yana jure ƙarancin ruwa kamar yadda ake faɗa, ya ce in kawo wa Yaya ya gwada. Ya rasu da daddare, aka yi jana'iza da hantsi. Filin makarantar ne ya ɗauki mutane, domin ƙofar gidan ta yi kaɗan. Akwai waɗanda suka kwana a hanya daga Kano da Kaduna da Maiduguri, akwai Fulanin da suka baro rugage, mata kuma suka cika gidan har maƙwabta.

Da liman ya yi sanarwar da aka saba, cewa duk mai bin mamaci bashi ya yi magana, mutum biyu ne suka matso: mai kanti da mai kemis. Na mai kanti kuɗin littattafai ne da Malam ya karɓar wa wasu marayu, na mai kemis kuma maganin wani maƙwabci ne. Dukansu suka ce sun yafe, amma tsofaffin ɗalibai suka ƙi, aka biya nan take. Sai kuma aka juya, mutane suka fara zuwa wurin Yaya suna cewa su Malam ne yake bin su, wannan kuɗin taki, wancan kuɗin jarrabawar ɗa, wani na sadakin da ya cika masa. Yaya, wanda ya taɓa tare shi a zaure saboda rumbu, ya tashi yana hawaye ya ce Baba ya bar wasiyya cewa duk ya yafe, kuma su ma magada sun amince. Abin da aka raba na gado gida ne, da gona ɗaya, da tumaki kaɗan, da rediyo, da akwatin littattafai.

Mu da muka zauna a gidansa ko a ajinsa mun kafa ƙungiya bayan sadakar arba'in. Mun gyara ajujuwa biyu, mun tayar da lambun makarantar, muna kuma biya wa marayun garin kuɗin jarrabawar gama sakandare gwargwadon abin da muka tara. Mun yi ƙa'ida cewa kafin a kashe ko kwabo a waje, sai an fara cire na hatsin Inna da maganinta. Tana nan da ranta, ƙafa ce dai ta yi nauyi, amma tana gane muryar kowannenmu tun daga zaure, kuma har yanzu ba ta yarda baƙo ya fita bai ci komai ba. Duk wanda ya san ya ci tuwon gidan nan, idan ya zo garin Salla ko biki, ya daure ya shiga ya gaishe ta, ya kuma nemi Yaya a rubuta sunansa a littafin ƙungiya. Taronmu yana kasancewa washegarin Babbar Salla, a filin makaranta, bayan la'asar.

Allah Ya jiƙan Malam da Iya, Ya haskaka kabarinsu, Ya ba Inna lafiya, Ya yi wa zuriyarsu albarka.